Wasiƙa daga Talin, babban birnin Istoniya: gwamnatin da ba ta tambayarka abu ɗaya sau biyu

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambaye ni a waya ko gaskiya ne abin da ake faɗa cewa a nan Istoniya na'ura ce ke yin aikin gwamnati, ka kuma ce a wajen aikinku an fara maganar kawo ƙirƙirarriyar basira, wato AI, don a rage cunkoson jama'a. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ga gara in rubuto maka ita a tsanake. Ƙirƙirarriyar basira tana nan ana amfani da ita, amma a iya abin da idona ya gani, ita ce ƙarama a cikin abubuwan da suka sa aikin ke tafiya. Babban abin shi ne yadda suka tsara bayanan mutane, da dokokin da suka ɗaure ma'aikata da su game da waɗannan bayanan.

Bari in fara da kantin magani, don a nan na fi jin bambancin a jikina. Idan likita ya duba ka ya rubuta magani, ba ya miƙo maka ko guntun takarda. Sai ka shiga duk kantin maganin da ya yi maka a ko'ina cikin ƙasar, ka miƙa katin shaidarka. Mai kantin ta duba a kwamfuta, ta ga abin da aka rubuta maka da adadinsa, ta ga kason da asusun inshorar lafiya zai ɗauka, ta gaya maka ragowar da za ka biya. Babu zancen rubutun likita da ba ya karantuwa, babu takardar da ta ɓata a aljihu. Mai ciwon da ke shan magani kullum yakan yi wa likitansa waya kawai, a sabunta masa. Tun 2010 suke wannan tsari, kuma tun 2019 mutumin da likita ya rubuta wa magani a Finlan yana iya tsallakowa ya karɓa a kantin Talin.

Sirrin abin lamba ce. Kowane mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa ne ko baƙo mai izinin zama irina, yana da lamba mai alƙaluma 11 da ke binsa har ƙarshen rayuwarsa. Katin shaida mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki ya fara fita a 2002, kuma yana zuwa da lambobin sirri biyu: ta farko don ka tabbatar kai ne, ta biyu don sa hannu. Wannan sa hannun a gaban doka daidai yake da na biro. Kada ka ɗauka akwai wani katafaren rumbu guda da aka zuba komai na kowa a ciki. Hukumar haraji na riƙe da nata bayanan, asibiti na riƙe da nasa, 'yan sanda da nasu, rajistar filaye da nata. Abin da ya haɗa su wata hanya ce ta musayar bayanai mai suna X-Road da aka buɗe a 2001, wadda ta cikinta wannan ofishi ke tambayar wancan ainihin abin da doka ta ba shi izinin sani, ba ƙari. Sannan doka ta hana wani ofishi ya buɗe sabuwar rajista don tara abin da wani ofishin ya riga ya tara. Idan ka gaya wa gwamnati adireshinka sau ɗaya, ka gama. Ko shiga motar haya kyauta da mazauna Talin ke yi tun 2013 a kan wannan rajistar ya dogara: katin motarka yana haɗe da lambarka, lambarka kuma ta nuna a birnin kake zaune.

Ka ga a nan ne abin yake yi mini ciwo idan na tuna gida Najeriya. Mu ma muna da lambar. NIN alƙaluma 11 ce, BVN ma da aka fara a 2014 haka take, kuma tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN. An ɗauki hoton yatsunmu a banki, an ɗauka wajen rajistar zaɓe, an ɗauka wajen fasfo da lasin tuƙi. Duk da haka mutum zai je neman abu a ce ya kawo fotokofin takardar haihuwa, da hoto guda biyu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya cike fom da sunan da gwamnati ta riga ta sani tun tuni. Bayanan suna nan, an kashe kuɗi an tara su. Ofisoshin ne ba su yarda da abin da ke hannun junansu ba, sai aka mayar da talaka masinja mai kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan.

Haraji ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Tun shekarar 2000 ake cike shi ta intanet. A watan Fabrairu ka shiga, ka tarar an riga an cike maka fom da abin da wajen aikinka ya biya ka, ka duba, ka sa hannu. Idan akwai rarar da za a mayar maka, ta faɗo a asusunka na banki.

Wanda ya fi burge ni shi ne na haihuwa. Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar ta haihu, da muka je barka mijinta ya nuna mini a wayarsa. Tun a asibiti aka ba jaririyar lambarta. Suka yi mata rajistar suna daga gida ta intanet. Bayan haka saƙo ya shigo musu daga hukumar jin daɗin jama'a cewa ga kuɗaɗen tallafin da suka cancanta, ga yadda aka lissafa su daga albashinsu, su duba su amince. Ba su rubuta takardar neman komai ba. Tun 2019 ake yin haka. Ka yi tunani a kan wannan, Yaya, kai da ka san aikin ofis. A tsarin da muka saba, haƙƙi na wanda ya san da shi ne, ya san ƙofar da ake bugawa, yake kuma da ƙarfin jure jeka-ka-dawo. Wanda bai yi karatu ba, ko mai jego, ko tsoho, shi ne kullum yake rasawa, alhali don shi aka ware kuɗin. A nan an juya nauyin: gwamnati ce ke da alhakin nemo mai haƙƙi. Kuma wannan bai buƙaci wata basira ta na'ura ba. Rajistar haihuwa ce ta yi magana da rajistar albashi.

To, na san abin da ke ranka, don ni ma shi ne ya fara zuwa mini: idan komai na mutum yana a buɗe haka, wa zai hana ma'aikaci ya leƙa sirrin maƙwabcinsa, ko na matar da ya saka, ko na abokin hamayyar ubangidansa? Amsarsu ita ce abin da na fi so a kwaikwaya a duk cikin tsarin. Duk wanda ya buɗe bayananka, sawunsa na nan a rubuce, kuma galibi kai mai bayanan kana iya gani. Nakan shiga shafin gwamnati in ga jerin: ranar kaza da ƙarfe kaza, ofishi kaza ya duba adireshina, ga dalilin. A ɓangaren lafiya har sunan likitan da ya buɗe fayil ɗinka za ka gani, kuma kana da ikon rufe wani sashe na tarihin lafiyarka idan ba ka so a gani. Idan ka ga wanda ba shi da hurumi ya leƙa, kana da damar neman bayani da kai ƙara, kuma leƙen banza laifi ne da ake hukunta ma'aikaci a kansa. Da na tambayi wani dattijo da ke zaune kusa da ni ko ba ya tsoro, shi da ya rayu a zamanin Tarayyar Sobiyet lokacin da hukuma ke riƙe da fayil a kan mutane a ɓoye, sai ya ce a wancan lokacin su ake kallo su ba sa gani, yanzu kuwa shi ma yana ganin mai kallonsa. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a gida a 2023 mataki ne mai kyau, amma doka a takarda daban, mutum ya buɗe wayarsa ya ga wa ya taɓa fayil ɗinsa daban.

Sai ƙirƙirarriyar basirar da ka tambaya. Inda na ga ta yi amfani na zahiri shi ne aikin da ya fi ƙarfin idon mutum. Manoma a nan suna karɓar tallafin Tarayyar Turai bisa sharaɗin su yanke ciyawar filayensu kafin wani wa'adi. A da jami'ai ke shiga mota su zagaya, kuma kaɗan daga filayen suke iya kaiwa. Yanzu wani tsari mai suna SATIKAS yana karanta hotunan taurarin ɗan'adam na Turai, har da na na'urar radar da ke ratsa gajimare, ya nuna filin da aka yanke da wanda ba a yanke ba. Manomi na samun tunatarwa kafin wa'adi ya cika, jami'i kuma ya tafi inda ake da shakka kawai. Hukumar kula da marasa aikin yi ita ma tana da wata manhaja da ke duba tarihin aikin mutum da karatunsa da yankin da yake, ta ƙiyasta ko zai daɗe bai samu aiki ba, don mai ba shi shawara ya san wa zai fi ba lokaci. Manhajar ƙiyasi take bayarwa, hukunci na hannun ma'aikacin. Akwai kuma mai amsa tambayoyi ta rubutu da suke kira Bürokratt a shafukan wasu hukumomi. Irin wannan shi ake fara nuna wa baƙi, shi ne kuma a ganina mafi ƙarancin muhimmanci, don mai amsa tambaya ba zai iya gaya maka inda fayil ɗinka yake ba idan fayil ɗin ba ya cikin kwamfuta.

Abin da nake so ka kai wa shugabanninku shi ne labarin inda abin ya ɓaci, kuma a ƙasashen da suka fi mu kuɗi da ƙwararru. A Holan hukumar haraji ta yi amfani da lissafin na'ura wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da cin kuɗin tallafin renon yara, kuma zama ɗan wata ƙasa yana cikin abin da ke ɗaga zargi. Iyaye kimanin dubu 26 aka ɗora wa laifin da ba su yi ba, aka ce su mayar da kuɗin da ba su da shi. Gidaje sun mutu, mutane sun faɗa bashi. Gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a kan haka a Janairun 2021. A Ostireliya tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa raba kuɗin da mutum ya samu a shekara daidai-wa-daida a kan makonni, alhali mai aikin wucin gadi wani watan ya samu wani watan babu, sai na'ura ta aika wa dubban ɗaruruwan mutane takardar bashin ƙarya, aka kuma ce su za su kawo hujjar ba a bin su. Hukumar binciken da aka kafa ta fitar da rahoto mai zafi a 2023. A Ingila ma a 2020 an bar lissafi ya ba ɗalibai sakamakon jarrabawa, ya rage maki a kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon da malamai suka bayar, sai da aka janye shi cikin 'yan kwanaki. A duka ukun, wanda abin ya faɗa wa ya rasa mutumin da zai tsaya a gabansa ya ce ni na yanke, ga dalilina. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, da ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa duk tsarin da ke tantance wanda ya cancanci tallafin gwamnati a sahun masu haɗari sosai, waɗanda dole mutum ya riƙa sa ido a kansu.

Idan haka ta faru inda ake rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, ina ga inda rabon a yi ƙidayar jama'a tun 2006, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa, inda sunan mutum ɗaya ke da rubutu iri uku a takardu uku? Ɗora na'ura mai yanke hukunci a kan irin waɗannan bayanai kamar ɗora rufi ne a kan ginin da ba a haƙa wa harsashi ba. Wanda sunansa ya saɓa da harafi ɗaya za a ce ɗan damfara ne, wanda ba ya cikin rajista kuwa na'ura ba ta ma san yana duniya ba.

Kada ka ɗauka nan aljanna ce. Ganin ƙwararren likita yakan ɗauki dogon jira, don kwamfuta ba ta ƙara yawan likitoci. A 2007 an yi wa ƙasar ruwan hare-hare ta intanet har shafukan bankuna da na gwamnati suka tsaya. A 2017 aka gano rauni a ƙwaƙwalwar katin shaida, aka dakatar da katuna sama da dubu 700 sai da aka sabunta su. Abin da na yaba shi ne gwamnati da kanta ta fito ta faɗa wa jama'a. Saboda tsoron abin da ka iya faruwa, har ajiyar muhimman bayanansu suke da ita a ƙasar Lukzambur. Sannan mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su wuce miliyan 1.3 da 'yan kai ba, wuta ba ta ɗaukewa, kuma tun 1996 suka fara shirin kai kwamfuta da intanet makarantu. Wanda ba ya iya amfani da waya kuma ba a rufe masa ƙofa ba, ofis na nan a buɗe yana iya zuwa a yi masa da hannu.

Don haka idan an kira ku taron, ka tambaye su wace takarda ce kuke karɓa daga hannun jama'a alhali wata hukumar tana da ita, kuma me ya hana ku tambayar hukumar kai tsaye. Ka tambaya ko mai fayil zai iya ganin wanda ya buɗe fayil ɗinsa. Idan kuma sun dage sai an sayo manhajar, a rubuta tun kafin a sa hannu a kwangila wane ma'aikaci ne zai amsa idan ta hana mutum haƙƙinsa, cikin kwana nawa za a saurari ƙorafinsa, kuma a hannun wa bayanan za su zauna ranar da kamfanin ya tattara kayansa ya tafi. Ka rubuto mini abin da suka ce. A gaida Hajiya da yara.