Ruwan lemon Amurka ya ja mini kallon banza a Kanada

Masu yawan ce mini ai Kanada da Amurka duk kanwar ja ce, ku rufa wa kanku asiri kada ku faɗi haka a gaban ɗan Kanada. Wata Asabar cikin Maris na 2025 na shiga wani babban kanti a Mississauga, kusa da Toronto, zan yi cefane. Na ɗauki kwalin ruwan lemo ke nan, sai wata dattijuwa ta matso, cikin ladabin nan nasu mai ƙona rai ta ce, "Yi haƙuri malam, ka duba daga inda ya fito?" Na juya kwalin, na ga Florida. Ba ta ƙara cewa uffan ba, sai ta shiga kife sauran kwalayen ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda ya zo ya gane kayan Amurka ne. Ina tsaye da kwali a hannu, masu wucewa na satar kallona kamar wanda aka kama da akuyar sata. Haka na mayar, na ɗauko ruwan tuffa na Ontario, wanda yarana ko kallonsa ba sa yi.

Tushen rigimar Trump ne. Ranar 4 ga Maris ya ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan yawancin kayan Kanada, bayan ya daɗe yana cewa ƙasar ta zama jiha ta 51, yana kiran Firayim Minista Justin Trudeau da gwamna. Wannan raini ya fi harajin ci musu rai. Mutanen da ko ƙafarsu ka taka su ne za su ba ka haƙuri, sai ga su a filin wasan hoki a Ottawa da Montreal suna yi wa taken Amurka ihu. Kantuna suka shiga liƙa ganyen nan ja na tutarsu a jikin kayan gida. Gwamnatin Ontario ta kwashe barasar Amurka kaf daga shagunanta. Wannan kam bai dame ni ba. Har zaɓe sai da abin ya juya: jam'iyyar adawa ta Pierre Poilievre da ta yi nisa a gaba a farkon shekara ta sha kaye a hannun Mark Carney, magajin Trudeau, ranar 28 ga Afrilu, shi Poilievre ma kujerarsa ta majalisa ta suɓuce masa.

In ka zauna da su wurin aiki za su ce maka su ba su ƙi Amurkawa ba, shugabanninsu ne matsala. Ka ɗan jira, hirar ba ta nisa sai an gangaro kan bindiga da asibiti. A wurinsu Ba'amurke mutum ne mai ɗaga murya, bai san sunan babban birnin maƙwabcinsa ba, kuma ciwo ɗaya kan iya cinye masa gida. Su kuwa katin lafiya kawai za ka nuna, likita ya duba ka ba ko sisi. Gaskiya ne, na gani. Amma daren da zazzaɓi ya kama ƙaramar 'yata, a kan kujerar sashen gaggawa muka kwana har gari ya waye kafin a kira mu, ga samun likitan iyali sai wanda ya dace. Wannan ba sa son a tayar da shi.

Abin dariyar, mai zagin Amurka da rana shi ne mai kallon finafinanta da dare. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da Kanada ke fitarwa can yake tafiya, kuma in sanyi ya kankama latas ɗin da ke kanti yawanci daga Amurka ake kawo shi. Duk da haka na ga mutum ya ajiye mai araha ya ɗauki mai tsada don kawai na ƙasarsa ne, ga hayar gida da kuɗin waya suna shaƙe wuya.

Mu fa? Da aka rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019 don manomin shinkafa ya samu kasuwa, raɗa muka koma yi wa mai shago: "Akwai 'yar waje?" Har ta kai wasu na juye ta gida a buhun 'yar Tailan don ta shiga. Masaƙun Kakuri sun zama kufai, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, mu kuma muna ta cika baki da kishin Arewa a Facebook. Wallahi da lemon Binuwai zai iso nan, irin wanda mai tire ke fere maka a bakin tasha, da Turawan nan sun yi layi a kansa. Mu da yake zube a gabanmu, sai an yi baƙo a aika yaro ya sayo na kwali.