Wata takwas da man Total 80W-90 a aksul ɗin Fijon Baba

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 fara, salun, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara fitar da motoci a 1975. Da aka zo rabon gado babu wanda ya waiwaye ta sai ni. A kujerarta ta baya na girma, a cikinta na koyi tuƙi, kuma har yau in na buɗe ƙofa ƙamshin turaren Baba yana nan a jikin kujeru. Saboda haka abin da ake zuba mata ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Bara, wajen ƙarshen damina, na tsaya a wani gareji na bakin hanya a canza mata man giya. Yaron da ya shiga ƙarƙashinta ya ɗebo wani mai daga durom, baƙi-baƙi, mai kauri kamar zuma, ya ce mai lambar kauri 140 ne, ya ɗura wa giyabos, ya koma baya ya ɗura wa aksul, wato kaskon haƙoran da ke juya tayoyin baya. Ya ce tsohuwar mota mai kauri take so. Da farko ban ga komai ba. Sai da hunturu ya kama, in na fito bayan sallar asuba, giya ta biyu ta ƙi shiga sam, in na matsa mata ta yi ƙarrr kamar ana goga zarto a ƙarfe. Sai na yi tafiya mai ɗan nisa, mai ya ɗumama, sannan ta saki.

Na ɗauka kuloci ne. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike kusa da Panteka, wanda ya shafe shekaru yana gyaran Fijo tun zamanin da ita ce motar ma'aikata, motar haya, motar kowa. Bai taɓa kuloci ba. Ya kwance notin giyabos, ya dangwali man da yatsa, ya shinshina, ya miƙo mini. Warin farar wuta ne, irin na ɓaragurbi.

"Ɗana, wa ya zuba maka wannan a nan?"

"Baba, ai man giya ne."

"Man giya ne, amma ba gidansa ba ke nan. Littafin motar yana nan?"

Yana nan kuwa, a aljihun dashbod, cikin leda, inda mahaifina ya ajiye shi. Muka buɗe shafin mai. Abin da Peugeot ta rubuta wa giyabos ɗin 504 mai giya huɗu, wanda ake kira BA7, baƙin mai ne, irin na inji. Aksul ɗin baya shi ne aka rubuta wa man giya. Shekara da shekaru ina tuƙa motar ban taɓa buɗe wannan shafin ba, kuma na ji ciwon haka.

Dalilin, kamar yadda na fahimce shi daga baya, yana cikin yadda haƙoran suke aiki. A aksul, ƙaramin haƙori da ke juya babban faifan ba a tsakiyarsa yake zaune ba, yana ɗan ƙasa. Don haka haƙoran ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, gugar juna suke yi da ƙarfi, da duk ƙarfin jan mota a kansu. Mai na yau da kullum ba ya jure wannan, matse shi ake yi ya fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa ake zuba wa man aksul sinadarin farar wuta da fosfaras masu yawa, su yi wa haƙori riga idan ya yi zafi. Wannan shi ne mai alamar GL-5 a ma'aunin API, cibiyar man fetur ta Amurka. Mai alamar GL-4 yana da sinadarin, amma kusan rabin na GL-5. Mutane na ganin biyar ta fi huɗu, su ɗauka GL-5 ya fi kyau a ko'ina. Ba haka ba ne. A cikin giyabos akwai wasu zobba da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma aikinsu kamawa ne, kamar ƙaramin birki. Mai mai santsi da kauri fiye da kima yana hana su kamawa da wuri. A tsofaffin motoci da yawa da tagulla ake yin zobban, farar wuta kuwa ba ta shiri da tagulla idan zafi ya yi yawa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lambar kaurin mai. 90 ta man giya da 50 ta baƙin mai ba a ma'auni ɗaya suke ba. Kaurin man giya 90 bai yi nisa da na baƙin mai 40 ko 50 ba. Amma 140 ya fi su kauri sosai, manyan motoci masu ɗaukar kaya ne suka fi amfana da shi.

Ranar dattijon ya aike ni gidan man Total, ya ce kada in saya a hannun masu aunawa a gwangwani, in kawo masa robar man giya 80W-90 a rufe da hatiminta, kuma in juya bayanta in karanta kafin in biya. Gaskiya ya faɗa, domin kamfani ɗaya yakan yi 80W-90 iri biyu, ɗaya GL-4, ɗaya GL-5, sai ka duba ƙananan rubutun ka bambance. Na ɗauko mai GL-5 na aksul, na haɗo da baƙin mai Quartz 20W-50 na giyabos, wanda dama shi nake zuba wa injin.

Yadda ya yi aikin ya burge ni, kuma duk mai tsohuwar mota ya kamata ya lura. Ya sa na ɗan zaga da ita mai ya yi ɗumi. Notin sama, na zubawa, shi ya fara kwancewa kafin na ƙasa. Ya ce ya sha ganin wanda ya tsiyaye mai duka, sannan notin sama ya ƙi kwantuwa, mota ta kwana a gareji ba mai. Ya tari tsohon man aksul a farin kwano, ya karkata shi a rana, muka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, laushi kamar kwalli. Ya murza a tsakanin yatsunsa ya ce wannan na tsufa ne, in da ɓarɓashi muka gani mai girman ƙwayar gero, da sai an sauke aksul ɗin. Sabon man kuwa garau yake, ruwan zuma, ana hango hasken rana ta cikinsa. Ya ɗura da tiyo har ya fara ɗigowa ta bakin ramin, nan ya tsaya. Aksul ya sha wajen lita ɗaya da rabi, giyabos ya ɗan haura lita ɗaya. Ya canza washar jan ƙarfe ta kowane noti kafin ya ɗaure.

Yanzu wata takwas ke nan. Na yi Zariya ba adadi, na yi Kano sau uku, biyu a tsakiyar zafin bazara. Duk na dawo nakan leƙa ƙarƙashi. Babu yoyo a bakin notin, babu a gefen da sandunan taya ke fitowa. Watan jiya na kwance notin sama na zira yatsa, man yana nan daidai bakin rami, launinsa ya ɗan yi duhu kaɗan kawai, ba kumfa, ba ƙaurin ƙuna. Kukan da aksul ke yi idan na ɗaga ƙafa daga totur a gangara ya ragu har ina jin hira da wanda ke kujerar baya. Ban ce ya ɗauke ba. Wajen kilomita 80 a awa yana nan, siriri, kuma dattijon ya gaya mini tun ranar cewa babu man da zai mayar da haƙorin da ya riga ya cinye. Wanda ya ce maka mai zai gyara aksul ɗin da ya mutu, kuɗinka yake so.

Giya ta biyu kuwa ta koma shiga da yatsa biyu, ko da sanyin asuba. Wannan ba aikin man 80W-90 ba ne, aikin cire man 140 ɗin ne daga inda bai dace ba, da mayar da abin da littafi ya ce.

Man Total ɗin ya fi na aune tsada, ba na musu. Amma ba mai ba ne da ake canzawa duk wata, kuma kayan aksul ɗin 504 na asali sun fara wuyar samu, ko a Panteka ko a Ƙofar Ruwa sai ka sha yawo, ka samu na hannu da ba ka san tarihinsa ba. In na auna biyun ba na ganin tsadar.

Masu Fijo 404 su yi hattara da abin da na rubuta. Aksul ɗin 404 salun wani iri ne daban, dunƙule ne mai kama da sukuru yake juya faifan tagulla, don haka kada a ɗauki man nan a zuba masa saboda ya yi wa 504 kyau. Haka masu Beetle, inda giyabos da aksul suke cikin kasko ɗaya suna shan mai ɗaya. A nemo littafin motar, ko a je wurin wanda ya tsufa a kanta.

Ragowar man yana but, na naɗe shi a tsumma kusa da jak. A bangon littafin na ciki na tarar Baba ya jera ranakun da ya canza mai da biro shuɗi, da kilomitar kowace rana. Na rubuta tawa a ƙarƙashin tasa, na ƙara da sunan man da inda aka zuba kowanne.