Injin karce ciyawa mai aiki da lantarki: ya isa ya shirya fili kafin a ƙara iri?

A shagunan kayan lambu ana samun wani ƙaramin inji mai kama da na yankan ciyawa, amma aikinsa karce ƙasa ne da tsefe matacciyar ciyawa. Wanda muke magana a kansa shi ne mai ƙarfin wat 1,500 zuwa 1,800, faɗin bakinsa santimita 32 zuwa 38. Yana zuwa da ganga biyu da ake musanyawa, ɗaya mai wuƙaƙe, ɗaya mai haƙoran waya, sai jakar tara shara a baya. Masu saye galibi waɗanda ciyawar gidansu ta yi sanƙo ne bayan rani, suna so su yafa sabon iri a kan tsohuwar ba tare da sun tone filin duka ba.

Amfaninsa na gaske ne. Irin ciyawar kiri-kiri, wato Bamuda, ƙanana ne ƙwarai, kuma in bai taɓa ƙasa ba ba zai kama ba. Tsohuwar ciyawa kan tara busassun ganye da jijiyoyi a gindinta har su yi kauri kamar katifa. Da zarar kaurin ya wuce santimita ɗaya da rabi, irin da aka yafa a sama yake maƙalewa, ya tsiro, rana ta ƙone shi, ko tururuwa ta kwashe. Injin yana fitar da wannan shara a sa'a guda a filin da mai manjagara zai wuni a kai.

Sai dai ba a fara shi a kan doguwar ciyawa. A yanke ta ƙasa-ƙasa tukuna, kamar santimita 2, a kwashe yankan. A ba filin ruwa kwana biyu kafin aikin, don jar ƙasar Abuja in ta bushe wuƙa tsalle take yi a kanta, in kuma ta jiƙe sharkaf sai injin ya tumɓuke ciyawar da saiwarta, gangar ta toshe da laka. Damshi ake so, wanda in ka dunƙule ƙasar a hannu za ta haɗu amma ba ta ɗiga. A bi filin a tsince tsakuwa da ɓaraguzan siminti, waɗanda ba a rasa su a sababbin gidajen Lugbe da Lokogoma, a kuma sa alama a kan bakunan feshin ruwa da ke binne.

Zurfin wuƙa milimita 2 zuwa 4 ya wadatar. A bi sau biyu, na biyun ya gitta na farko. A nan ne mutane da yawa ke ɓarna: sai su sauke ganga har ƙasa wai don aiki ya yi kyau. Kiri-kiri zai jure, tunda yana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa da zai sake tohowa daga gare ta. Ciyawar kafet kuwa yaɗonta a sama yake, in aka matsa mata sai a kwashe ta gaba ɗaya. A kanta a bi sau ɗaya, wuƙa na shafar ƙasa kawai. A ganinmu gangar wuƙaƙe ta fi ta waya amfani a nan, domin wuƙa yanka yaɗon take yi ta bar tsagi da iri zai kwanta, waya kuma fizgo shi take yi.

Jakar ba ta da wani kirki. Tana cika kafin a yi taku ashirin, gara a bar ta a tara sharar da manjagara daga baya. Batun wuta ma a lura: ƙaramin janareta mai wat 650 ba zai tayar da shi ba, sai mai kVA 2.5 zuwa sama, da wayar wuta mai kauri. Siririyar waya doguwa tana rage ƙarfin wuta, motar injin ta yi zafi. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana da gangar canji da bel, don su ne ke fara ƙarewa.

Babban abin da injin ba ya yi shi ne sassauta ƙasar da ta danne. Inda ake ajiye mota ko yara ke buga ƙwallo, karce sama ba zai sa ruwa ya shiga ba. Sai an caka shebur mai yatsu zurfin santimita 8 zuwa 10, tazarar taƙi guda, a cika ramukan da yashi. Haka kuma ba ya maganin inuwa: kiri-kiri na son rana ta sa'a shida aƙalla, don haka ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro asarar iri ce. Aya-aya kuma a tone ta da 'ya'yanta tun kafin a kunna inji. Kada a kusanci filin da atrazin ko wani maganin hana tsiro da aka saba da shi a gonar masara, zai kashe sabon irin ma.

Bayan karcewa, a gauraya iri giram 5 zuwa 10 na kowane murabba'in mita da busasshen yashi, a raba biyu, a yafa rabi a tsaye rabi a gicciye. A rufe da tankaɗaɗɗiyar baƙar ƙasa wadda kaurinta bai fi milimita 3 zuwa 5 ba, a danne da katako. Takin NPK 15:15:15 giram 30 a murabba'in mita ya isa. Yuriya ta jira sai an yi yanka biyu. Ɗanyen kashin shanu kuwa irin ciyayin da ba a so yake kawowa. Ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, tsiro zai bayyana cikin kwana 7 zuwa 14.

Lokacin da ya fi dacewa a Abuja shi ne ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni. Ruwan Agusta wanke irin yake yi zuwa kwata.

Mai fili sama da murabba'in mita 200 zai ci moriyar kuɗinsa, musamman in maƙwabta biyu ko uku suka haɗa suka saya, tunda sau ɗaya a shekara ake buƙatarsa. Mai ɗan fili a gaban ɗaki ya sayi manjagarar ƙarfe mai kyau, ragowar kuɗin ya sa a iri mai ɗauke da kwanan wata a jikin leda.