Kwalin Narnia mai littafi bakwai: kayan yayi, amma kar ku bi lambar da ke jiki

Na sayo wa ɗan yayana cikakken jerin Narnia na C.S. Lewis, littafi bakwai a kwali guda, saboda hutu ya yi tsawo kuma Turancinsa na son ƙarin karatu. Kaya kam ba laifi, bango mai laushi ne amma har yanzu ko shafi ɗaya bai cire ba duk da yadda yake lanƙwasa shi yana cusawa a jaka, ga zanen Pauline Baynes baƙi da fari a ciki. Takardar ce dai shara-shara, kana hango rubutun baya.

Abin da ya sosa min rai lambobin ne. An manna 1 a jikin The Magician's Nephew alhali sai 1955 ya fito, shine na shida, shi kuma The Lion, the Witch and the Wardrobe da ya fara fitowa a 1950 aka maida shi na 2, wai an bi yadda abubuwa suka faru a labarin.

Yaro kuwa ya bi lamba. Ni da na fara da na 1950 ina ƙarama, har yau ina tuna Lucy, yarinyar cikin labarin, ta shiga wardirob tana ture riguna masu gashi, can taji ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafarta, sai ga fitilar titi tana ci ita kaɗai a tsakiyar daji, wallahi kwana nayi ina tunanin wa ya kafa ta a wurin. Shi da yazo nan ko gezau, don The Magician's Nephew ya riga ya faɗa masa asalin fitilar, ɗagowa kawai yayi yace "Gwaggo ai na sani, ƙarfen nan ne da mayyar ta ɓallo a Landan." Haka ma da aka ambaci Aslan, tuni ya san zaki ne. Na ji masa takaici sosai, don wannan mamakin sau ɗaya ake yinsa.

Iyaye su sani kuma, Lewis Kirista ne kuma aƙidarsa na cikin labarin, musamman mutuwar Aslan da tashinsa, gara babba ya fara leƙawa.

Ku saya, ya ci kuɗinsa. Ni dai kafin ƙanwarsa ta fara na samo farin salatif na rufe lambobin na sake rubutawa da biro: na wardirob, Prince Caspian, Dawn Treader, Silver Chair, Horse and His Boy, sannan Magician's Nephew, Last Battle na 1956 a ƙarshe. Jiya ta iso wajen fitilar, har kicin ta biyo ni da littafin tana tambaya wa ya kunna ta, nace taje ta ci gaba.