Na zagi Fritzing, ashe hoton da na ɗauko ne mai laifi

Saura ƙiris in goge Fritzing, manhajar zana haɗin kayan lantarki, daga kwamfutata saboda ESP32 guda ɗaya, wato ɗan ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi.

Tankin ruwan gidanmu a Mabera ne sila. Kullum sai ya cika ya yi ta kwarara kafin wani ya tuna ya kashe injin, ga Hajiya da faɗa. Na ce bari in haɗa abin da zai riƙa kashe shi da kansa: ESP32 mai ƙafa 30, rile ɗaya (makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa), da makunnin da ke yawo a saman ruwa. A allon gwaji komai ya tafi daidai. Sai na so in mayar da shi kan allon tagulla, don siraran wayoyin nan ba sa jure ƙurar hunturu, balle zafin Afrilu na Sakkwato.

Ban ga irin allona a cikin kayan manhajar ba, sai na ɗauko wani fayil na .fzpz, wato fayil ɗin kayan Fritzing, na irin allon, da wani bawan Allah ya saka a intanet. Hoton kam ya yi kyau, har da ɗan maɓallin BOOT. Na ja layuka, na buga a takarda mai sheƙi, na manna da dutsen guga, na tsoma a ferik kulorayid, ruwan da ke cinye tagullar da ba a rufe ba, na huda ramuka sama da arba'in da hannu. Kwana biyu cur. Ina ba shi wuta sai wari. Guntun ya yi zafin da yatsa ba ya iya taɓawa.

Daren nan ba irin zagin da ban yi wa manhajar ba. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, ka leƙa cikin fayil ɗin kuwa?" Ya canja ƙarshen sunan zuwa .zip, sai ga hanjinsa a fili: fayil ɗaya na .fzp mai jerin ƙafafu, da hotunan SVG na allon gwaji, na zanen wayoyi da na tagulla. Kowace ƙafa tana da suna irin connector0pin, kuma da wannan suna kaɗai manhajar ke gane ta, ba ruwanta da rubutun da ke gefe. Mai hoton ya musanya layin hagu da na dama a hoton tagulla. A wannan allo VIN (ƙafar shigar wuta) da 3V3 (ƙafar bolt 3.3) suna fuskantar juna, GND (ƙafar nagetif) na bin kowannensu, don haka bolt 5 ɗina ya zarce inda ba a wuce 3.6.

Daga nan ra'ayina ya juya. Na buɗe hoton a Inkscape, manhajar zanen hotuna, na gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar da'irorin suna cikin copper0 da copper1, wato shimfiɗun tagulla na ƙasa da na sama, tazarar ramuka milimita 2.54. Da na mayar da shi, na danna VIN a allon gwaji na bi ta har shafin tagulla, ta sauka inda ya kamata. Manhajar da aka fara a Potsdam ta Jamus tun 2007 don masu koyo, amma ta bar ka ka buɗe cikinta ka gyara da rubutu, ai ta cancanci yabo. Sai dai ka sani, wurin gyaran kayanta ba ya zana hoto, dole ka koyi Inkscape, ni kuwa dare uku ta ci mini.

Amma mai saka fayil ɗin nan har yau raina na sosuwa in na tuna shi. Ko sau ɗaya bai gwada abin da ya raba wa duniya ba? Ga shi sabon ESP32 sai da na jira kwana tara ya iso daga Legas, mai shagon kuma ya ƙara kuɗi a kan na farko.

Tanki dai ya daina kwarara, Hajiya ta koma faɗan kuɗin da na kashe. Ƙonannen yana cikin aljihun tebur, da shi nake auna ramuka a kan takarda kafin in taɓa tagulla.