Sharhi: zanen fuskar dattijuwa da fentin ruwa da alƙalami

Daga hoton waya aka ɗauko zanen, a girman A4, kan takardar auduga zalla mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Takardar ta sha ruwa sosai amma ba ta lanƙwashe ba. Da mai giram 190 ce, ba a kuma ɗaure ta a allo ba, da tuni ta yi tudu da kwari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai zanen ya kame hannunsa wajen tamoji. Masu koyo sukan bi kowane layin fuska da tawada, sai tsohuwa ta fito a murtuke, an ƙara mata shekarun da ba nata ba. Shi kuwa siririn alƙalami mai bakin milimita 0.1 ya sa a gefen idanu da layukan da ke saukowa daga hanci zuwa baki, a tsittsinke. Sauran yamushewar fatar duk da burushi ya fitar da ita: shafin farko tsararo, ya bari ya bushe, sannan ya bi da ruwan ƙasa mai ja-ja. Inuwar ƙarƙashin haɓa da shuɗi ya surka ta, babu baƙi ko ɗigo, shi ya sa fatar ba ta yi dauɗa ba. Furfurar ma ba farin fenti ba ce, farin takardar aka kewaye aka bari, haka ma ɗan ƙyallin ƙwayar ido. Tawadar irin wadda ruwa ba ya narkarwa ce, don babu inda ta yi naso.

Inda aikin ya gaza shi ne kafaɗar hagu. Akwai tabo mai zagayayyen baki, alamar an ɗora burushi mai ruwa da yawa kafin shafin ƙasa ya gama bushewa, ruwan ya ture launin zuwa gefe. A filin da ke bayan mutumin da aka zana irin wannan ado ne, amma a kan tufa yana janye ido daga fuska. Kunnen kuma an yi shi a gaggauce.

Ba ya zuwa da firam. Wajen sa shi, a raba takardar da gilashi ta hanyar sa kwali marar asid a gefunanta, in ba haka ba danshi zai manne su. Kada a rataye shi inda rana ke bugawa, domin wasu jajayen launuka kan riga sauran koɗewa, kuma su ne a kumatu da leɓe.