Na je ofishin masu haɗa karatun waje a Ikeja kan masta ɗin soshiyal wok, ga abin da na gani

Na daɗe ina cewa sai na ba da labarin ofishin nan na masu nema wa mutane gurbin karatu a waje, ba zan kama sunansu ba don ba faɗa na zo yi ba, amma duk wanda ya saba bi ta wajen Allen a Ikeja ya san irinsu, masu manna tutar Kanada da ta Ingila a jikin gilashi. Ni a Agege nake, kuma a sashen walwalar marasa lafiya na wani asibiti nake aiki, wato mu ake kira in mutum ya warke babu kuɗin sallama, ko an bar yaro a gado ba wanda ya zo nemansa, ko mace ta zo da kumburarriyar fuska tana cewa a banɗaki ta zame alhali kowa ya san ba zamewa ba ce. Soshiyoloji na karanta a digirin farko, yau shekara shida ina wannan aikin, shi ne na ce bari in ƙaro karatu in yi masta a soshiyal wok ɗin kanta, wato karatun aikin walwalar jama'a irin wanda nake yi, wadda ake ce wa MSW.

Bari in fara da inda suka kyauta don kar a ce sharri na zo yi musu. Wajen tsaf yake, esi na aiki, da aka ɗauke wuta ko minti biyu ba a yi ba suka tada janareta. Ƙarfe goma suka ba ni, ni ce ma na makara saboda gosulo, kuma ba wanda ya ɓata min rai. Kuɗin ganin mai ba da shawara naira dubu 25 ne, sun ba ni rasit. A harkar takardu kam sun iya aikinsu wallahi, yadda ake neman tiranskirif, wato takardar sakamakon kwasa-kwasai, daga jami'a, yadda ake tura shi WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, a tantance, maganar jarrabawar Turanci ta IELTS, takardar banki, duk a bakinsu yake kamar karatun sallah. Su ne ma suka fara ankarar da ni cewa tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu zuwa masta irin ta zaman aji tafiya da iyali, sai masu digirin bincike, kuma ni da yara biyu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda aka fara samun matsala shi ne da na ce musu soshiyal wok nake so. Yarinyar da aka haɗa ni da ita, mai fara'a ce gaskiya, tana jin haka sai ta buɗe laftof ta ce madam me zai sa ki tsaya a digiri ɗaya, ai a Amurka akwai haɗaɗɗen digiri, biyu a kuɗin ɗaya. Wannan biyu a kuɗin ɗaya ta faɗe shi ya fi sau biyar kamar mai tallan omo a kasuwar Agege. To akwai haɗaɗɗen digirin, ba ƙarya ta yi ba, sai dai yadda ta kawo shi ne ba haka yake ba, kuma sai da na koma gida na kwana uku ina bin shafukan makarantun ɗaya bayan ɗaya da datata kafin na gane kan abin.

MSW ita kaɗai a Amurka shekara biyu ce a yawancin makarantu, kuma hukumar da ke tantance ta, CSWE, ta wajabta aƙalla awa 900 na aikin koyo a fili, wato a tura ka asibiti ko makaranta ko gidan yara ka yi aiki a ƙarƙashin wani. In ka haɗa ta da masta ta kiwon lafiyar al'umma, MPH, irin yadda ake yi a Jami'ar Michigan ko ta Columbia, galibi kusan shekara uku za ka yi maimakon huɗu. In da digirin lauya ne, JD, shekara huɗu maimakon biyar. Akwai masu haɗawa da masta ta harkar kasuwanci, MBA, akwai na mulkin jama'a, akwai ma na karatun addinin Kirista. Ragin shekara ɗaya ake samu saboda wasu kwasa-kwasan ana ƙirga su a ɓangarorin biyu, shi ke nan, ba wai kyautar digiri ake ba ka ba. Kuma a mafi yawan wurare sai kowane sashe ya ɗauke ka daban, fom biyu, wasiƙar bayanin kai biyu, wannan zai iya karɓarka wancan ya ƙi. Duk ba ta faɗa min ko ɗaya ba. Ƙarin shekara guda da dala, ga haya ga inshorar lafiya, a yadda canji yake yanzu, ai wannan kuɗin gida ne a wani garin.

Na lauyan ne ma ya fi ba ni dariya, wai ta ce in haɗa da JD in dawo in zama barista mai kare yara. Dokar Amurka fa za ka karanta, in ka dawo nan sai ka bi ta makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya, har da zangon farko da ake sa waɗanda suka yi karatun lauya a waje. Da na ba Yayana labari cewa ya yi, ke ƙanwata kafin ki gama wannan ai kin yi jika.

Abin da ya fi min ciwo dai shi ne da ta ce tunda ina da shekara shida a aiki zan iya shiga MSW ta shekara ɗaya. Na ji daɗi sosai har na kira Umma a hanya na gaya mata. Ashe wannan gajeriyar hanyar ta waɗanda suka yi digirin farko a soshiyal wok ce, a makarantar da CSWE ta amince da ita, ko kuma wanda ya yi a wata ƙasa ya tura musu takardunsa suka tantance suka ce daidai yake da nasu. Ni mai soshiyoloji ba na ciki, kuma ƙa'idarsu ma ta hana a ba ka maki don gogewar aiki ko da shekara ashirin ka yi. Da na biye mata na biya kuɗin fom ta wannan layin, da an yi asarar banza.

Da na koma karo na biyu in yi ƙorafi sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo a ofishin, ɗan Zariya ne, yana jin na amsa waya da Hausa ya ce Hajiya bismillah zauna nan. Shi bai buɗe laftof ba ma, tambaya ɗaya ya yi min, in kin gama a ina kike son ki yi aiki, kuma da su wa? Na yi shiru. Ya ce to ai ba digiri biyu ne matsalarki ba, fannin ƙwarewa ne, domin ita MSW ɗin shekarar farko kowa abu ɗaya yake yi, a ta biyu ne ake rabuwa, wasu su bi ɓangaren zama da mutum ɗaya ko iyali ana warware damuwa, wasu ɓangaren tsare-tsare da tafiyar da hukumomi, a ciki kuma akwai na asibiti, na yara da iyali, na makarantu, na tsofaffi, na lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya min a rai, don ko bayan da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba mu daina ganin samarinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ana kawo su a birkice ba, uwa na kuka tana cewa jifa aka yi masa, ka rasa ta inda za ka fara lallashinta ta yarda a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Mai jin Hausa da zai zauna da irin wannan uwar a Legas ba mu da yawa ko kaɗan.

Shi ne kuma ya faɗa min cewa ko na gama a Amurka ba a nan take zan zama ƙwararriya mai lasisin duba mutane ni kaɗai ba, sai na ci jarrabawar neman lasisi ta ASWB, na yi wajen shekara biyu ina aiki a ƙarƙashin kulawa, kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan. A Ingila kuma masta ɗin shekara biyu ce da kwana 200 na koyon aiki, sannan sai ka yi rajista da hukumar kula da aikin, Social Work England, kafin ma ka kira kanka da sunan aikin. Sai ya rage murya ya ce ki duba na gida ma mana, Jami'ar Ibadan tana yi, ta Nsukka na da tsohon sashe, ga Jami'ar Legas nan Akoka a bayan gidanki, kuma tun 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin soshiyal wok a Najeriya. Na gane dalilin rage muryar, babu kamasho a tura mutum Akoka.

To in maki zan ba su, uku cikin biyar, kuma ɗaya daga ciki na dattijon nan ne shi kaɗai. Wanda ya riga ya san kwas ɗinsa da makarantarsa, takardu kawai yake so a haɗa masa, ya je zai ji daɗinsu. Wanda kuma zai je a zaɓa masa tsakanin MSW zalla da haɗaɗɗiya, gara ya riƙe dubu 25 ɗinsa ya sayi data. Kuɗina dai ba su dawo min da shi ba, haƙuri kawai manajan ya ba ni da ruwan gora mai sanyi. Yanzu ina jiran tiranskirif ɗina ne, na yanke zan nemi ta gida a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ita kuwa yarinyar har yau duk Litinin sai ta turo min saƙo a WhatsApp wai madam an kusa rufe fom ɗin biyu a kuɗin ɗaya.